Yadda Ake Ja wa Gidan 'Yartsana Wuta

Gidan 'yartsana, ko na katako ne da kafinta ya haɗa, ko na kwalin taliya ne da yara suka yanka da kansu, da zarar magariba ta yi an gama ganin abin da ke cikinsa. Duk jeren da aka yi, da ɗan gado da labulen da aka yanko daga ƙyallen tela, sai su ɓace a duhu. Ja masa wuta kuwa ba sai an kira mai wayarin ba. Uba zai iya, uwa za ta iya, yayan da ke sakandare ma zai iya idan babba ya tsaya a kansa. Ɗalibin da aka ba aikin haɗa samfurin gida a makaranta shi ma wannan hanyar zai bi.

Abin ba sabo ba ne a duniya. Gidan 'yartsanar Sarauniya Mary da ke fadar Windsor a Ingila, wanda aka kammala a 1924, da wutar lantarkinsa aka gina shi, har da ruwan famfo. Masu wannan sha'awar a Turai sun daɗe suna amfani da ƙananan ƙwayaye masu zare na bolt 12 da taransifoma, suna bin bango da siririn tef na tagulla. Mu a Kano ba sai mun bi ta nan ba. Ƙwai mai zare yana zafi, yana kuma shan wuta. Tef ɗin tagulla ba kowane shago ake samunsa ba, ga shi zafin bazara yana sa gam ɗinsa ya saki. Ƙwan LED da siririyar waya da batir sun ishe mu.

Wutar da za ta shiga gidan

Tun kafin a sayi komai a tsayar da magana ɗaya: wutar NEPA ko ta janareta ko ta inbata ba ta shiga gidan wasan yara, ko da ƙwai ɗaya ne. Bolt 230 ne a soket ɗin bango, yana kisa. Gidan kwali ne ko katako, hannun da zai riƙa shiga cikinsa kuma na 'yar shekara biyar ne, wataƙila ma yanzu ta tsamo shi daga ruwa. Abin da muke nema bolt 5 ne ko ƙasa da haka, wanda ko ka kama wayar tsirara ba za ka ji komai ba.

Wanda na fi so shi ne batura uku irin na agogon bango, masu rubutun AA, a cikin ɗan gidansu na roba. Kowanne bolt 1.5 ne, ukun su ba da 4.5. Ba igiyar da za ta taho daga bango, kuma yarinya za ta iya ɗaukar gidanta daga ɗaki zuwa tsakar gida. Fawabank ma ya yi, bolt 5 yake bayarwa ta ramin USB. Cajar waya a bango ita ma bolt 5 ce, amma ni ban yarda da ita a hannun yaro ba. Caja mai araha, in ta samu matsala a ciki, tana iya zuro wutar bango cikin igiyar, kuma araha ba ta ado. A bar caja ga gidan da za a ɗora a kan kabad don kallo.

Batura iri biyu kuma a kauce musu. Na farko dogayen nan masu lamba 18650 da ake farkewa daga tsohon batirin laftof ana sayarwa. Yawancinsu ba su da kariya, in wayoyinsu suka haɗu suna iya kamawa da wuta. Na biyu ɗan faifan nan mai kama da kwabo, CR2032. Yaro yana haɗiye shi cikin sauƙi, in ya maƙale a maƙogwaro kuma cikin awa biyu yana iya ƙona naman wurin. Duk wanda hakan ta faru da yaronsa ya nufi asibiti nan take, kada ya tsaya jiran ya fita da kansa.

Cefane

Kayan lantarkin a Sabon Gari ake samunsu, cikin kasuwa da shagunan France Road, musamman wajen masu sayar wa masu gyaran rediyo da talabijin kaya. Igiyar caja da fawabank kuwa Farm Centre. In ana buƙatar falankin da za a rufe bayan gidan, guntun da kafintan unguwa ya rage ya isa, ba sai an je 'Yan Katako a Na'ibawa ba.

Ka ce wa mai shago, "Alhaji, ƙwan LED nake so, mai ƙafa biyu, milimita 3 ko 5." Ka sa ya gwada maka. Zai ɗauko ɗan batir mai kama da kwabo ya cusa tsakanin ƙafafuwan ƙwan, ya matse da yatsa biyu, sai ka ga ya kawo. In bai kawo ba sai ya juya shi. Ka dubi launin da kyau a nan, don fari iri biyu ne: akwai fari fat mai shuɗi-shuɗi irin na tocila, akwai kuma mai ɗan ja-ja irin hasken fitilar ƙwai. Na biyun shi ne na ɗaki. Ka ƙirga ɗakunan gidan ka ƙara huɗu ko biyar, don wani zai ƙone, wani ƙafarsa za ta karye.

Sai rezisto, ɗan abin da yake rage wutar da za ta shiga ƙwai, guda ɗaya ga kowane ƙwai, da makunni ƙanana, da dalmar liƙi, da baƙin salatif, da gam ɗin kyandir. Waya kuwa ba sai ka saya ba in kana da guntun kebul ɗin intanet irin na ofis. Ka farke rigarsa za ka tarar da siraran wayoyi takwas masu launi daban-daban, daidai aikin nan. Matacciyar fitilar caji ma taska ce, akwai ƙwayaye da makunni a cikinta. Amma su kaɗai za ka cira, batirinta da allon cajinta a kai su inda yara ba za su gani ba.

Ƙwai da rezistonsa

Nan ne mutane suka fi yin asara, don haka bari mu ɗan zauna.

Ƙwan LED hanya ɗaya yake karɓar wuta. Doguwar ƙafa ita ce ta +, gajeriya ta −. In an riga an datse ƙafafuwan, ka shafa bakin gindin ƙwan, za ka ji gefe ɗaya a shafe, to nan ne −. A duk aikin nan mu riƙe ƙa'ida: jar waya +, baƙa −. In launukan da ka samu daban ne, ka zaɓi biyu ka tsaya a kansu har ƙarshe.

Farin ƙwai da shuɗi wajen bolt 3 suke buƙata, ja da rawaya wajen bolt 2. Iyakar abin da ƙaramin ƙwai yake ɗauka miliam 20 ne, wato abin da ake rubutawa 20mA, ma'aunin yawan wutar da take bi ta cikinsa. Matsalar ita ce ƙwan bai san ya ƙoshi ba. Ka jona shi kai tsaye da bolt 5, zai yi wani irin haske na daƙiƙa kaɗan, ya yi baƙi a ciki, shi ke nan. Rezisto ne yake tare rarar.

Lissafin ba wuya. Ka cire abin da ƙwan yake buƙata daga abin da batir yake bayarwa, ka raba da yawan wutar da kake so ta bi. Bolt 5 a cire 3, saura 2. Miliam 10 muke so, wato am 0.01 (miliam 1,000 ne am ɗaya), domin rabin iyaka ya wadatar da ɗakin da bai fi tafin hannu biyu ba. A raba 2 da 0.01, an samu 200, wato rezisto mai om 200 muke nema, om kuwa shi ne ma'aunin rezisto. Wanda ya fi kusa a kasuwa shi ne om 220, mai zobe ja, ja, ruwan ƙasa. Jan ƙwai kuma 5 a cire 2 saura 3, lissafi ya ba da 300, sai a sayi om 330, mai zobe ruwan lemo biyu da ruwan ƙasa. Waɗannan dai za su yi aiki da batura uku, hasken ne kawai zai ɗan ragu. Rezisto mai shuɗin jiki da zobe biyar karatunsa daban ne, ka sa mai shago ya auna maka da mita. Shi rezisto ba ruwansa da gaba ko baya, duk yadda ka juya shi daidai ne.

Wani zai ce me zai hana a sa rezisto ɗaya ga gidan gaba ɗaya a huta. Abin da zai faru shi ne, in akwai jan ƙwai a ciki, shi da bolt 2 ya ishe shi, sai ya riƙe layin a nan, fararen su ƙi kawowa sam. Ko duk farare ne, ba su zama daidai wa daida, wani ɗakin zai fi wani haske. Haka nan kada a jera su a sarƙa, wutsiyar wannan a kan wancan: farare biyu a sarƙa bolt 6 suke nema, kai kuma 5 gare ka.

Ka sayo 'yan om 470 da om 1,000 ka ajiye. Za ka ga amfaninsu a gaba.

Zane, sannan huda

Ka ɗauki takarda ka zana gidan ta baya, ka sa alama a duk inda ƙwai zai zauna. In gidan irin namu ne, ka tuna da zaure, da fitilar ƙofar gida, da falo, da ɗakin uwargida, da kicin, da banɗaki. Tsakar gida ba ta da silin, don haka nata a jikin bango zai zauna, saman ƙofar ɗaki. In bene ne, matakala ma tana son nata.

Wayarin kafin fenti ake yinsa, kafin a manna takardar bango ko ledar ƙasa. In gidan an riga an ƙawata shi, to duk ƙwayayen su shigo ta bangon baya, dab da silin, ba sai an ɓata komai ba. In kuwa sabo ne kana son ƙwai a tsakiyar silin, ka huda daga ɗakin da ke samansa, ka tsaga ɗan siririn kwari a daɓen da reza ko bakin ƙusa har zuwa bangon baya, wayar ta kwanta a ciki, leda ko ɗan kafet ya rufe ta. Ɗakunan sama kuma wayarsu ta bi ƙarƙashin rufi.

Kwali basilla tana huda shi. Katako kuwa ka kai wa kafinta ya huda maka da ƙaramin baki, milimita 3 ga ƙwan 3, 5 ga ƙwan 5. Ƙwan zai shiga tsam, ɗan leɓen gindinsa ya tare shi.

Layi biyu a bayan gida

Duk sirrin aikin yana bayan gidan. Ka samu guntun wayar wayarin ɗin gida mai ƙwaya ɗaya, ka feɗe robar, ka fitar da jan ƙarfen guda biyu, kowanne tsawon faɗin gidan. Ka shimfiɗa su a kwance a bayan gidan, ɗaya sama ɗaya ƙasa, tsakaninsu kamar santimita 5, ka ɗaure bakunansu da ƙananan sukurori. In kwali ne ka manna ɗan katako tukuna. Na sama ka rubuta masa +, na ƙasa −. Kamar dai wayoyin falwaya ne da suke bin layin unguwa, kowane gida ya ja nasa: kowane ɗaki zai kawo wayoyinsa biyu ya jona a nan, ba ruwansa da maƙwabcinsa. In ƙwan kicin ya mutu, falo yana nan da wutarsa.

Yanzu sai haɗa ƙwayayen ɗaya bayan ɗaya. Ka rage ƙafafuwan ƙwan su zama kamar santimita ɗaya, amma ka lura da wacce ce doguwar kafin ka datse. Ka liƙa jar waya a ta +, baƙa a ta −, ka bar wa wayoyin rara, gara su yi yawa ka naɗe da su gaza. Ƙafafuwan nan biyu kusa suke da juna, in suka taɓa ƙwan ba zai kawo ba, don haka ka zura wa ɗaya riga. Robar da ka feɗe daga babbar waya ta yi, robar bawul ɗin keke ma ta yi.

Rezisto kuma kada ka binne shi a silin tare da ƙwan. Ka kawo shi baya: ƙafarsa ɗaya a layin +, ɗayar a jar wayar ɗakin. Baƙar waya ta tafi layin − kai tsaye. Dalili shi ne ranar da ka ga wani ɗaki ya cika haske, rezistonsa kawai za ka canza, ba sai ka ɓamɓare silin ba.

Babban makunni yana zama tsakanin jar wayar batir da layin +. Amma in kana da hali ka sa wa ɗaki biyu ko uku nasu makunnin, a kan jar wayarsu, a gefen gidan inda yatsa zai kai. Yara sun fi jin daɗin kunnawa da kashewa a kan hasken kansa. Za ka ji ana cewa, "Yaya, kashe na falo, baƙi sun tafi."

Mai amfani da fawabank ya yanke tsohuwar igiyar caja ta wajen ƙaramin kan. Ja ita ce +, baƙa −, fara da koriya na saƙo ne, a datse su a naɗe kowacce daban. Wasu igiyoyin launinsu ba ya bin ƙa'ida, sai a gwada da ƙwai mai rezisto a ga ta inda ya kawo. Inda igiyar ta shiga gidan a ƙulla ta ta ciki, don in an fizga ƙullin ya tare, liƙin kada ya tsinke.

Liƙi

Ƙarfen liƙi mai wat 30 ko 40 ya isa. Ka shafa wa bakin wayar dalma, ka shafa wa ƙafar ƙwan, sannan ka haɗa su ka taɓa da ƙarfen, daƙiƙa biyu zuwa uku ka ɗauke. In ka daɗe zafi zai bi ƙafar ya kashe ƙwan. Liƙi mai kyau sumul yake yana ƙyalli. Wanda ya dunƙule ya yi toka-toka bai kama ba, a sake. Layin jan ƙarfen nan mai kauri ya fi shan zafi kafin dalma ta kama shi, shi sai ka ɗan ƙara haƙuri.

A yi aikin inda iska take shiga, yara su tsaya nesa da ƙarfen. Dalma guba ce, mu da muka ji abin da ta yi wa yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba sai an yi mana dogon bayani ba. A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci, a share ɗigon da ya zuba, kuma kada a bar liƙi ko ɗaya a fili inda yaro zai lasa.

Wanda ba shi da ƙarfen ya haɗa komai da murɗawa, ya gwada, sannan ya ɗauki gidan ya kai wa mai gyaran rediyo ya bi mahaɗan da dalma. Murɗi da salatif kaɗai ba ya ƙarko a nan, zafin Afrilu yana narkar da gam ɗin salatif ya zame.

Ka gwada kowane ɗaki da zarar ka jona shi, kada ka bari sai ka gama duka.

Gyaran haske

Ka kashe wutar ɗakinka da daddare, ka kunna ta gidan, ka tsuguna ka leƙa ta ƙofar zaure daidai tsayin idon yaro. Kusan kullum abin da za ka gani shi ne haske ya yi yawa, kuma ya taru wuri ɗaya: da'ira fara fat a tsakiyar daɓe, kusurwoyi kuma duhu. Kan ƙwan ne yake tattara hasken. Ka goga shi a sanfefa mai laushi har ya yi hazo-hazo, sai hasken ya bazu. Ko ka kifa masa wani abu fari: murfin kwalbar maganin ido, guntun tsinken shan lemo, ko babban dutsen ado mai rami irin waɗanda ake samu a Kurmi. LED a wannan ƙarfin ba ya zafin da zai narkar da su.

Sannan a bambanta ɗakunan, don gidan da ko'ina haskensa ɗaya ba ya kama da gidan da ake kwana a ciki. Falo ya zauna a om 220. Ɗakin kwana a mayar da shi 470. Zaure da banɗaki 1,000 ma ya ishe su. In farin da ka samu mai shuɗi-shuɗi ne kawai, ka shafa masa maka ruwan lemo ko ka naɗe shi da ledar alawa rawaya.

Kicin ya fi ko'ina daɗin yi. Ka jera tsakuwa uku, ka ɓoye jan ƙwai a tsakaninsu ta ƙarƙashin daɓe, ka ɗora 'yan karan ashana da aka ƙona bakinsu, ka aza murfin kwalba a matsayin tukunya. Ga murhu da garwashi. In ka samu kyandir ɗin roba mai batir irin na masu kwalliyar biki, ƙwan cikinsa rawa yake yi da kansa. Ka ciro shi ka ba shi om 330, ya zama a-ci-balbal a zaure. Ɗan batirin da ke cikin kyandir ɗin dai kada ya kwana a gidan.

Kwali mara kauri haske yana ratsa shi ya fito ta bango. A shafa baƙin fenti ta ciki kafin farin, ko a ƙara wani kwalin. Masu manna takardar azurfa su kula, tana ɗaukar wuta, kada ta kusanci ƙafar ƙwai.

In ya ƙi

Ƙwai ɗaya bai kawo ba, sauran suna ci: yawanci an juya shi ne, a musanya wayoyinsa. In yana kawowa yana ɗaukewa idan an taɓa gidan, liƙi ne bai kama ba. In duka suka ƙi, a duba zaman batura da babban makunni. Ƙurar hunturu tana shiga makunni ta hana shi aiki, a hure shi a kunna a kashe sau da yawa. In kuwa batir ya yi zafi ko ka ji ƙaurin roba, cire shi nan take, ja da baƙa sun haɗu a wani wuri, kuma ba a mayarwa sai an gano wurin.

Fawabank yana da tasa halayyar: da yawansu in suka ji abin da ake ja ya yi kaɗan sai su ɗauka an gama caji, su kashe kansu bayan 'yan daƙiƙoƙi. Ƙwai goma duka-duka ba su kai miliam 100 ba. Ba wayarin ɗinka ne da laifi ba. Ko a gwada wani fawabank ɗin, ko a koma batura.

In komai ya zauna, ka ɗiga gam ɗin kyandir a gindin kowane ƙwai da kan wayoyin da ke lilo. Ka manna takardar zanen nan a cikin murfin baya, da lambar reziston kowane ɗaki. Sannan ka rufe bayan da falanki, da sukurori ba da gam ba, ta yadda kai za ka iya buɗewa, yaro kuwa ba zai iya ba. Gidan batir ma ya kasance a ciki ko murfinsa ya zama mai sukuru. Baturan alkalin masu kyau za su riƙe ƙwai takwas fiye da awa 20, masu arahar kuwa ba su kai haka, kuma sun fi saurin zubar da ruwa. In za a ɗaga gidan a ajiye, ko za a tafi hutu, a cire baturan, don ruwansu yana cinye ƙarfen gidan batir. Da damina kuma gidan kwali a ɗora shi a kan tebur, kada a bar shi a daɓe ya sha danshi.